Sallar da Babu Ruku'u

Abin da na fara lura da shi a Makka shi ne mutane ba sa neman takalmansu idan an idar da salla. Gidanmu na Kano bango ɗaya ne da masallacin unguwa, kuma na saba liman yana yin sallama in ji ƙarar silifa a bakin ƙofa. Nan kuwa kowa ya ci gaba da zama, kamar akwai wanda ake jira.

Ranar da muka sauka ce. Baba ya ɗauko mu daga Jidda, ni da Umma, muka ajiye kaya a gidan da ya kama mana a Utaibiyya, muka wuce Harami da la'asar. Tare da mu akwai ɗiyar Gwaggo, yayar Baba. A Makka aka haife ta, ta ɗan girme ni, Hausarta rabi Larabci ce. Yaya nake ce mata. Muna can sama a wajen mata sai wata murya ta fito daga lasifika, a hankali, tana jan kalmomin: "Assalatu alal amwati, yarhamukumullah." Kowa ya miƙe, ni ma na miƙe. Liman ya yi kabbara, na yi. Da ya yi ta biyu sai na sunkuya na yi ruku'u. Ina sunkuye ina kallon yatsun ƙafata na lura gwiwoyin da ke dama da hagu duk a miƙe suke. Ni kaɗai na sunkuya a sahun nan mai tsawo.

Yaya ta riƙe dariyarta har aka yi sallama, sannan ta sake ta cikin gyalenta. Ta ce wannan sallar gawa ce, babu ruku'u, babu sujada, a tsaye ake farawa a tsaye ake gamawa. Tun ranar ta sa mini suna Mai Ruku'u. Umma ta ce kada in damu, ita ma da girmanta ba ta taɓa yi ba sai yau. A gida maza ke yin ta a ƙofar gida, mata suna ciki, abin da suke ji kawai shi ne shirun da ke biyo bayan an ɗaga makara.

Ban ƙara tambayar kowa komai ba. Ni ba mai tambaya ba ce. A Islamiyya an koya mana amwat na nufin matattu. Mai sanarwar bai ce matattun wane gari ba, kuma daga inda muke tsayawa ban taɓa hango makara ko likkafani ba. Sai na haɗa abin da kaina. Duk duniya nan take fuskanta idan za ta yi salla, to a nan ne ya kamata a yi wa matattun duniya salla. Na ɗauka kowa ya san haka, shi ya sa ba a faɗa. Wani lokaci mai sanarwar kan ƙara da "wal atfal", wato da yara. Idan na ji wannan sai in ce a raina yau yara da yawa sun mutu a wani wuri.

Da na fara zuwa makaranta Baba ya ba ni tsohuwar wayarsa saboda darussan da malamai ke turowa. Ta cikinta duniya ta shigo ɗakina. Na ga wani mutum a wata ƙasa yana tono ɓaraguzan gidansa da hannu, ya ciro bargo mai zanen kifi. Na ga mata a wani ƙauye na jihar da ke maƙwabtaka da tamu zaune a ƙarƙashin bishiya da tukwanensu, bayan an ƙone musu rumbuna. Na ga wani jirgin ruwa na roba cike da samari baƙaƙe kamar yayyena, ruwa yana shiga. Ban san sunan kowa ba. Ƙananan abubuwa ne suke maƙale mini: kifin bargon nan, wata tukunya da aka ɗaure murfinta da tsumma, wani saurayi da ya ɗaga takalminsa sama don kada ya jiƙe.

Kowa a gidanmu da yadda yake yi da irin wannan. Umma takan kalla ta yi hawaye, ta share da bakin zani, ta tashi ta ɗora tukunya. Baba yana dawowa daga shagon abaya da yake tsaro a Aziziyya, idan ya tarar ana labarai, zai tsaya a tsaye ya ɗan kalla, ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya kashe talabijin. Yaya takan tura wa ƙawayenta da alamar kuka, kafin in gama haɗiye yawu ta wuce zuwa bidiyon wata mage da ta faɗa cikin bokiti. Ban ga laifin kowa ba. Ni dai nawa ba ya wucewa. Sai in zauna gaban tamis da wake da safe, biredin yana hucewa ban taɓa shi ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne zuwa Harami. Duk Alhamis da yamma mukan hau bas ni da Umma. Cikin mako nakan tara mutanen da na gani, in riƙe su, in idar da magariba da su, in jira muryar nan. Tana cewa "alal amwat" sai in miƙe in jera su a raina ɗaya bayan ɗaya. Na koyi addu'o'in daga littafin makaranta. Idan aka yi sallama ɗaya zuwa dama, nakan ji kamar na sauke tulu daga kaina. Ban hana kowa mutuwa ba, amma dai ba a bar su haka ba, dubban mutane sun tsaya musu a wuri mafi daraja. A hanyar komawa nakan iya cin abin da Umma ta saya.

A makarantar hadda ta yamma, wadda ake kira tahfiz, na haɗu da ƙawata. Ba ta zuwa makarantar safe saboda takardunta ba su kammala ba. Kullum a ƙarshen tabarma take zama, ni ma can nake zama, don can malama ba ta cika kallo ba. Na lura ba ta jingina da bango, kuma idan na'urar sanyaya ɗaki ta yi ƙara za ta tashi, kafaɗunta sukan ɗaga. Mun yi kwanaki muna zama kusa ba magana. Ranar da fensirina ya faɗi na ce "kash" a hankali, sai ta juyo ta ce, "Ke Bahausa ce?"

Daga Sudan suka zo. Kakannin kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su aikin hajji, suka tsaya noma a bakin kogi, ba su ƙarasa ba. Ta ce ga shi su sun ƙarasa musu, amma ba ta hanyar da aka so ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana amfani da kalmomin da a bakin kakata kawai na taɓa ji, sai kuma ta ɗora musu Larabci. Ni tana yi mini dariya idan na ce "sorry", ni ina yi mata idan ta kira ni da kiran 'yan Sudan, "ya zola". Mahaifinta ya rasu tun kafin yaƙin da ya koro su. Ita da mahaifiyarta suna zaune wajen kakarta, wata tsohuwa da ta daɗe a Makka tana soya gyaɗa tana ƙullawa a leda ana kai wa shaguna. Gidan duk mata ne.

Ba ta taɓa ce mini tana da ƙane ba sai ranar da muka zo wata aya da ke maganar yarinyar da aka binne ba ta yi laifin komai ba. Ta rufe Alƙur'aninta ta ce kanta na ciwo. Da aka tashi muka zauna a matakalar masallacin da muke karatun muna jiran Umma, sai ta fara, ba ta kallona, tana kallon wata mage da ke lasar ƙafarta a ƙarƙashin mota.

Ta ce a babbar mota suka gudo, a saman buhuna. Ƙanenta bai kai shiga makaranta ba. Tun kafin su taso yake gudawa, a hanya ruwa ya ƙare, ya rasu a cinyar mahaifiyarsu da rana tsaka. Direba ya ce ba zai tsaya ba, masu bindiga suna kusa. Mata suka yi ta dukan jikin motar har ya tsaya, ya ce kafin ya gama duba taya su gama. Mazan da ke cikin motar ba wanda ya sauko. Ta ce ba ta ga laifinsu ba, an san abin da ake yi wa maza idan an same su a ƙasa. Mata ne suka tona ramin da murfin tukunya da hannuwansu. Babu ruwan wanka. Suka naɗe shi a mayafin mahaifiyarta.

"Da muka sa shi, sai muka tsaya muna kallon juna," in ji ta. "Ba wadda ta iya sallar. Ba a taɓa koya mana ba. Direba ya danna hon muka hau."

Ta ce tun daga ranar mahaifiyarta ba ta maganar yunwar da suka sha, ko gidan da suka bari. Magana ɗaya ce a bakinta, ko salla ba a yi masa ba, an rufe shi kamar ba ɗan Musulmi ba. Abinci sai an matsa mata. Harami ma sau ɗaya ta je, ta ce kunyar wurin take ji.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na ce, "An yi masa."

Ta juyo.

Na ce, "A Harami. Bayan kowace salla ana yi wa matattun duniya duka. Har cewa suke wal atfal. Ranar da ya rasu ma an yi, da la'asar ɗin ranar."

Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce da kunnena nake ji duk mako. Na tabbata kuwa, ban taɓa tabbata da wani abu kamar haka ba. Ta ɗora goshinta a gwiwarta ta yi kuka marar sauti, ni kuma na riƙe mata jakarta don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Bayan haka abubuwa suka canza a gidansu. Ƙawata ta ce mahaifiyarta ta fara hawa bas zuwa Harami, ita kaɗai, tana zama daga azahar har la'asar. Idan aka ce "wal atfal" takan dawo da fuska a sake. Ta sa ƙawata ta koyo mata addu'o'in a wajena, na rubuta mata da manyan baƙaƙe. Ta fara cin abinci. Har ta karɓi suyar gyaɗa daga hannun tsohuwa, ta ce gishirinta ya yi yawa. Ni ma a lokacin na fi kowane lokaci samun barci.

Sai wani dattijo da ke aiki tare da Baba ya rasu. Ranar Yaya tana gidanmu. Baba ya shigo da sauri ya canza riga, ya ce wa Umma za su yi ƙoƙari su kai shi Harami kafin la'asar, in sun makara sai magariba. Da ya fita na ce wa Yaya, me ya sa sai sun kai shi, ai ko yana ina sallar za ta same shi.

Ta ɗago daga wayarta. "Kef ya'ni? Kamar yaya?"

Na yi mata bayani. Tun ban gama ba ta fara dariya, ta kira Umma daga kicin ta zo ta ji Mai Ruku'u ta sake yin wani ruku'un. Ta ce gawawwakin suna nan a ƙasa, a gaban liman ake jera su, motoci ne ke kawo su, mu ne ba ma gani daga sama. Waɗanda aka kawo kaɗai ake yi wa. Idan aka ce yara, to akwai yara a wurin, a naɗe. Ta ce akwai wata da ake yi wa wanda ba ya nan, salatul ga'ib, amma wannan sai an ba da umarni, kuma galibi wani babban mutum ne ya rasu a wata ƙasa.

Ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Wallahi wasa nake, habibti. Mene ne?" Na ce ba komai. Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Ranar Alhamis ɗin da ta biyo na ce wa Umma cikina na ciwo. Duk mutanen da na ɗauka na sauke, suka dawo. Mai bargon kifi, samarin jirgin, ba wanda ya tsaya musu, ni kaɗai ce nake jera su a raina ina jin daɗi. Amma su ban san su ba. Yaron nan kuwa na san yayarsa, na san a mayafin wa aka naɗe shi, kuma mahaifiyarsa tana hawa bas a cikin zafin nan saboda maganata.

Na daina zuwa tahfiz. Ƙawata ta aiko a tambayi lafiyata. Da na ƙi komawa, sai ga ta da kanta ta zo ta ce mahaifiyarta na son ganina. Umma ta ce in je, rashin kunya ne babba ya kira a ƙi.

Gidansu ɗaki biyu ne a saman wani tudu, sai an hau matakala mai yawa. Ko'ina ƙanshin gyaɗa. Mahaifiyarta siririya ce, ta kama hannuna da hannu biyu ta yi ta sa mini albarka, ta ce na cire mata ƙaya. Na kasa ɗaga kai. Da ta shiga ɗauko mini shayi, ƙawata ta bi ta, aka bar ni da tsohuwa. Tana zaune a ƙasa da faranti a cinya tana murza gyaɗa tana hure ɓawon. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Jikata, shekaruna a garin nan sun fi na uwarki a duniya. Na san wa ake yi wa salla a Harami."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe.

Ta ce, "Ranar da suka zo mini da maganar na buɗe baki zan gyara, sai na ga uwar yaron ta ɗauki cokali. Na rufe bakina." Ta hure ɓawo. "Amma wata rana za ta sauka ƙasa ta gani da idonta. Ban san me zan ce mata ba ranar."

Na tambaye ta a hankali ko ba a iya yi masa ta wanda ba ya nan. Ta ce ita dai a inda ta taso ba a yi, malamansu sun ce sai gawa na gaba. Ko da ana yi, wa zai tsaya musu? Su mata ne, ba su da kowa. Ta ƙulla mini gyaɗa a leda biyu, ta ce ɗaya ta Umma.

Na koma na buɗe littafin fiƙihu na makaranta, na wuce inda muke zuwa babin jana'iza. Na samu. An ce Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa wani sarkin Habasha salla daga Madina, saboda ya rasu a inda ba wanda zai yi masa. Washegari na tsaya bayan an tashi daga aji, karo na farko tun zuwana, na tambayi malamar. Ta yi mamakin jin muryata. Ta ce malamai sun saɓa, amma da yawa sun ce wanda aka binne ba a yi masa salla ba, shi ya fi cancanta. Ta ce ba sai a Harami ba, ba sai mutane da yawa ba. Ko a ɗaki ne, in an sami wanda zai ja.

Mutum ɗaya na sani da zai iya ja. Amma na taɓa jin Baba suna gardama da mijin Gwaggo a kan wannan sallar, Baba yana cewa shi a zauren malaminsa bai karanta haka ba, kuma ba zai canza don ya canza gari ba. Sannan ni da Baba ba mu saba ba. Ina ƙarama ya taho, na girma da muryarsa a waya. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni, amma ko kuɗin littafi nake so ta wajen Umma nake bi. Na yi tunanin in bi ta wajenta wannan karon ma. Sai na ga idan ya ce mata a'a, shi ke nan, ba zai ji yadda aka tona ramin ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya hau saman gida wanke ragar na'urar sanyaya ɗaki. Na bi shi da bokiti ba tare da an aike ni ba. Rana ta yi zafi, simintin yana ƙona tafin ƙafa. Daga can ana hango dogon agogon Harami tsakanin duwatsu. Ya tsuguna yana goge ragar da tsohon buroshi, ruwan yana fita baƙi. Na lura gashin bayan kansa ya yi fari fiye da na gaba. Na zuba masa ruwa, na sake zubawa, har bokitin ya kusa ƙarewa.

Ya ce, "Uwata, yau ke ce da aikin maza?"

Na durƙusa a gefensa duk da zafin simintin. Na fara daga motar da buhuna. Na faɗi murfin tukunyar, na faɗi hon ɗin direba, na faɗi abin da na gaya wa ƙawata da abin da Yaya ta gaya mini. Tun ina tsakiya buroshin ya daina motsi. Bai juyo ba, yana kallon ruwan da ke gangarawa zuwa magudana.

Na ce, "Baba, na san ka ce a wajenmu ba a yi. Amma shi ba a yi masa ko ɗaya ba. Don Allah ka zo gidansu ka tsaya a gaba, mu mu tsaya a bayanka. Ni zan gaya wa mamarsa gaskiya kafin ka iso."